Damisar Tasalla

A can wani gari, an yi wata yarinya mai suna Tasalla, gwanar zanen katin wasa. Kowane kati da dabbarsa, kowace dabba da ƙarfinta da inda take da rauni. Yara suna karawa da katunan, suna musayarsu.

Wata rana Tasalla ta zana Damisa, ta kwana uku tana yi mata ado. Ta buga da ita, ta ci. Ta sake bugawa, ta ci. Ta kuma bugawa, ta ci. Sai yara suka fara tattara katunansu za su tafi.

Ƙawarta Delu ta ce, "Wa zai kara da ke? Ai Damisarki ba abin da ke kayar da ita."

Tasalla ta daɗe tana duban katin. Can ta ɗauki alƙalami ta rubuta a ƙasansa: "Beguwa tana kayar da Damisa."

Beguwa kuwa katin da kowa ya raina ne, yana hannun Delu. Suka kara, Damisa ta faɗi. Tasalla ta yi dariya ta ce, "Ku dawo, a sake rabawa." Yara suka zauna.