Kyamarar Nurain

La'asar ta yi sanyi ranar Asabar lokacin da aka bugo waya caji ofis na Batsari, aka ce an yi sata a filin ƙwallon firamare, kuma matasa sun ritsa wani suna neman dukansa.

Sufeto Zaharaddeen ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Bara'atu suka shiga mota.

Ya san filin. Nan aka fara turo shi aiki yana ɗan sanda mai igiya ɗaya, a zamanin da ƙwallon Batsari da Safana ke tara mutane tun daga Yasore har Zakka, wasu a babur wasu a jaki. Daga baya hanyoyi suka lalace da tsoro, aka watse. Sai yau aka sake haɗa wasan tsofaffin 'yan ƙwallo, aka gayyato tsohon mawaƙin nan Jinjiri ya yi wasa bayan an tashi.

Sun tarar an zagaye wani dogon mutum mai suna Manu da rigar mai tsaron gida a jikinsa, leɓensa ya fashe. Wani saurayi mai tabarau ya tare gabansa da hannu biyu yana roƙon jama'a.

"Kowa ya ja baya!" in ji Sufeto. "Wa aka yi wa satar?"

"Ni ne, Yallaɓai," in ji mai tabarau. "Sunana Nurain. Kyamarata aka ɗauke. Amma ni ban ce Manu ba ne."

"Wa ya ce shi ne?"

Aka nuna wani gajeren saurayi da ke tsaye kusa da lasifika. Faisal sunansa, shi ya kawo kayan sauti.

Sufeto ya sa Kofur ta kai Manu mota ta zauna tare da shi, don kada a ƙara taɓa shi. Sannan ya ce wa Nurain ya nuna masa inda abin ya faru.

Wani aji ne da suka ara don ajiye kaya. Kwaɗo na rataye a ƙofa, ba a fasa shi ba. A kan benci akwai baƙar jaka, zif ɗinta a rufe.

"Me kake yi a rayuwa?" Sufeto ya tambaya.

"Ina aiki a wani kamfanin manhajar kwamfuta a Abuja. Hutu na zo."

"Hoton fa?"

"Shi ne hutuna, Yallaɓai. In na tashi aiki, ko dai ina filin ƙwallo, ko ina wurin da mawaƙa ke wasa da kyamara a wuyana. Ni na haɗa taron nan. Ɗan wasa ne ni a nan da, lamba bakwai."

"Yaushe ka ajiye kyamarar?"

"Bayan Baba Jinjiri ya gama waƙa. Na sa ta a jaka, Faisal ya rufe ajin, na tafi wajen ba da kofi. Da na dawo babu ita."

"Me ke cikinta?"

"Duk hotunan yau. Da bidiyon waƙar. Baba ya ce daga yau ya ajiye garaya, muryarsa ta ƙare. Ban kwafe komai ba tukuna. Akwai ma wanda na ɗauke shi a bayan ajin nan, ya rufe fuska da hula yana kuka. Daga ni sai shi a wurin. Ya roƙe ni kada in nuna wa kowa, na yi masa alkawari."

Sufeto ya buɗe jakar. Kwamfuta na ciki, haka walat da waya. A wani ɗan aljihu akwai dogon gilashin kyamara, an rufe shi da murfi gaba da baya, an naɗe shi da ƙyalle.

"Haka ka bar wannan?"

Nurain ya leƙa, ya yi turus. "A'a. Shi ne a jikin kyamarar. An cire shi, an ɗauki ƙaramin gilashin da ke jakar."

Sufeto ya juya gilashin a hannunsa. Ɓarawon da ke sauri ba ya tsayawa naɗe kaya da ƙyalle.

Ya fito ya kira Faisal gefe.

"Makullin yana hannunka?"

"Tun safe, Yallaɓai. Bai bar aljihuna ba."

"To ta ina Manu ya shiga?"

"Ni na buɗe masa ya ɗauki takalminsa."

"Yaushe?"

"Lokacin hutun rabin wasa."

"A lokacin kyamarar na wuyan mai ita a tsakiyar fili. Bayan waƙa fa, ka sake buɗe masa?"

Faisal ya fara sosa ƙeya.

"Kwaɗo lafiya lau yake," in ji Sufeto. "Makulli ɗaya ne, kuma ka ce bai bar aljihunka ba. Ka ga ke nan kai zan tafi da shi."

"Wallahi ba ni ba ne! Man janareta ne ya ƙare ana shirin ba da kofi. Na ruga bakin kasuwa in sayo, na bar makullin a kan lasifika."

"Ka ga Manu ya ɗauka?"

"Ban gani ba."

"To me ya sa ka ambaci sunansa?"

"Mutane ne suka taso mini. Na ji tsoro. Shi kuma daga ruga yake, na san za a yarda."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. "Gobe da safe ka same ni a ofis. Akwai bayanin da za ka rubuta."

Sufeto ya koma mota, ya tarar Manu na riƙe da ƙyalle a baki.

"Ina kake lokacin ba da kofi?"

"Ina kan layi, Yallaɓai. Ni na karɓi kofin ma."

"Me ya sa ba ka faɗa musu haka ba?"

"Sun gan ni da idonsu, su suka tafa mini." Ya dubi filin ta taga. "Shekara tara ina tsare wa garin nan raga. Da in na kama fenariti, a kafaɗa suke ɗaukata har tasha. Yau daga Wagini na taso, na bar shanu wurin ƙanena."

Sufeto ya sa aka kai shi asibiti aka duba leɓen, aka sama masa wurin kwana.

Washegari da hantsi Nurain ya zo ofis. Sufeto ya ba shi kujera.

"A yankin nan, wa ya san yadda ake cire gilashin kyamara irin taka?"

"Ba su da yawa. Yaya Surajo dai, wanda ya koya mini. Yana da shagon hoto a nan da, yanzu ya koma Safana. Amma bai zo ba. Na gayyace shi, ya ce yana da aiki."

"Surajo mai labulen furanni?"

"Ka san shi?"

"Hoton da ke katin aikina na farko shi ya ɗauka." Sufeto ya yi ɗan murmushi. "Nuna mini irin hotunan da kake sawa a intanet."

Nurain ya miƙa masa waya. Mawaƙa a dandamali cikin fitilu masu launi, 'yan ƙwallo a sama suna neman ƙwallo da ka. Can ƙasa sai ga tsofaffin hotuna: filin firamare maƙil da mutane, yara a kan katanga, masu rake da masu fura a gefe. A ƙarƙashin kowanne an rubuta sunan Nurain. Mutane sun yi ta yabo.

"Waɗannan su suka fi karɓuwa," in ji Nurain. "Har an gayyace ni in baje su a wani zaure a Abuja wata mai zuwa."

Sufeto ya tsaya a kan wani hoto, ya buɗe shi da yatsu. "Wane ne wannan mai lamba bakwai?"

"Ni ne."

"Kana gudu da ƙwallo. To wa ke riƙe da kyamarar?"

Nurain ya cire tabarau ya goge.

"Yaya Surajo ne. Da zai tashi daga shagon ya ba ni kwalin hotunan, ya ce in adana. Ni na gyara su a kwamfuta. Na yi niyyar sa sunansa, sai... abu ya yi nisa."

"Tashi mu je Safana."

Hanya ta bi ta cikin gonaki, gero ya sunkuyar da kai. Kofur Bara'atu na gaba kusa da direba.

Shagon Surajo ɗan ƙarami ne a gefen kasuwa. Gaba an jera wayoyi ana caji, can ciki labulen furanni ne a bango, ya koɗe. Surajo mutum ne siriri mai furfura jefi-jefi a gemu. Sufeto ya bar Nurain a mota ya shiga shi kaɗai.

Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da damina.

"Ba ka gane ni ba," in ji Sufeto.

Surajo ya ƙura masa ido. "Ɗan sandan da ya ƙi cire hula! Kai, Allah mai iko. Ka yi jiki, Yallaɓai."

"Jiya ban gan ka a filin Batsari ba."

"Ina Zakka wajen suna. Sai magariba na dawo."

"Sunan gidan wa?"

"Gidan... wani Alhaji ne, abokin ciniki."

"Ka ji an sace kyamarar yaronka?"

"Na ji. Allah ya kyauta."

"An fasa wa Manu baki a kanta."

Surajo ya sunkuyar da kai yana gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara. "Wannan ban ji ba."

Sufeto ya zauna a kan benci kamar mai hira. "Na ga aikin Nurain a waya. Ya ƙware. Ka yi tarbiyya."

"Ya ƙware mana."

"Musamman tsofaffin hotunan filin nan. An ce har Abuja za a baje su."

Surajo ya ɗago kai. "Yallaɓai, ni na koya masa gaishe da mutum kafin a ɗora masa kyamara. Yanzu ba ruwansa. Komai na nunawa ne. Dattijo kamar Baba Jinjiri ya ɓuya bayan aji, ya rufe fuska da hula yana kuka, shi ma sai da ya ɗauka."

"A ina ka ga wannan?"

"Ai... ana faɗa."

"Wa ke faɗa? Daga mai kukan sai mai ɗauka a wurin. Hoton bai fita daga cikin kyamara ba. Kai kuma kana Zakka."

Sufeto ya leƙa waje ya yafito Nurain.

Da Nurain ya shigo, Surajo bai dube shi ba. Ya ɗaga gefen labulen, ya jawo wata tsohuwar akwati, ya fito da kyamarar a naɗe cikin rawani. Ya ajiye ta a kan tebur a hankali.

"Ban goge komai ba," ya ce.

"Faɗa mini yadda aka yi," in ji Sufeto.

"Na ce ba zan je ba, amma zuciya ta ƙi. Na hau babur, na tsaya bayan katanga da hular kwano a kaina. Na ga wasan duka. Na ji Baba ya yi waƙar da yake mana in mun ci Safana. Sai mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce a tafa wa Nurain, wanda ya adana tarihin garin nan da kyamararsa." Ya yi wata 'yar dariya. "Ni da na sha rana a bayan ragar nan kakar wasa bayan kakar wasa. Sai na ga Faisal ya ajiye makulli ya tafi."

"Sayarwa za ka yi?"

"Allah ya kiyaye. So nake ya ji yadda ake ji, ko na kwana biyu ne. Na ce ranar da zai tafi in aika masa."

"Yaya," in ji Nurain, "laifina ne. Da ka kira ni ka zage ni."

"Sau nawa na kira? Kullum kana wajen wasa, za ka kira ni anjima."

Nurain ya juya ga Sufeto. "Yallaɓai, na janye ƙarata. A bar shi."

"Wannan sai a gaban Di-Pi-O. Kuma ba kai kaɗai aka cuta ba." Sufeto ya dubi Surajo. "Ka ce ba ka ji an daki Manu ba. Gaskiya ne?"

Surajo ya girgiza kai.

"Ina kan babur a bakin hanya lokacin da suka kama shi," ya ce. "Kyamarar na cikin rigata. Na ji yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na tayar da babur."

Nurain ya zauna a kan benci ya dafe kai.

Kofur Bara'atu ta shigo ta ɗauki kyamarar ta sa a leda. Surajo ya roƙi maƙwabcinsa mai shayi ya miƙa wa masu wayoyi kayansu, ya ja ƙofa ya kulle. Sufeto bai sa masa ankwa ba.

A bakin mota Surajo ya tsaya.

"Yallaɓai, in mun isa, a bar ni in ga Manu."

"Ya koma Wagini tun da safe."

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce a gaya wa mutanen Batsari su nemi wani mai tsaron gida."

Surajo ya shiga mota ya zauna. Kofur ta rufe ƙofa, direba ya ɗauki hanyar Batsari.