Ƙaramar Tukunyar Dakta Lombe

Da hantsi aka tsinci Dakta Lombe yashe a bayan tantinta, a dajin da ke wajen garin Mpika, tana amai kamar hanjinta zai fito. Malamar jami'a ce, ta kawo ɗalibanta uku su koyi tantance laimar kwaɗi, wadda ake ci da wadda ke kisa. Likita ya ce mai kisan ce ta ci, har ta taɓa mata hanta.

Kafin Sufeto Nsofwa Kapambwe ta iso, an riga an yanke hukunci. Bana Chomba, tsohuwar da ke yi musu girki, tana zaune a ƙasa an ɗaure mata hannu da ɗankwalinta. Wani dogon ɗalibi mai suna Kasonde yana tsaye a kanta.

"Jahilcin ƙauye ne, ranki ya daɗe! Duk abin da ta ga fari sai ta ce tente ne, ta jefa a miya."

Ran Nsofwa ya ɓaci, don da sayar da tenten nan, wato laimar da ake ci, a bakin titi uwarta ta raine ta.

"Wa ya ɗaure ta? Kai ne alƙali? Kwance ta!" Ta durƙusa. "Mama, me ya sa Dakta kaɗai ta kwanta?"

"Hawan jini gare ta, 'yar nan. Tukunyarta daban nake yi, ba gishiri. Kowa ya sani."

"Ina tukunyar?"

Ba a wanke ta ba. Nsofwa ta juye ragowar miyar a faranti tana tonawa da tsinke. Yawancin laimar a yage take, gefenta duk gatsa-gatsa. Amma ga waɗansu sirara, an tsaga su tiryan-tiryan tun daga hula har gindi.

"Da wace wuƙa kike yanka tente?"

Duk da hawayenta, tsohuwar sai da ta harare ta. "Wuƙa? Ke a gidanku yanka shi ake yi?"

A'a, ba a yi. Kaf ƙasar nan da hannu mace take yaga shi, kamar yadda ake yagar dafaffiyar kaza.

Nsofwa ta fara da Mapalo, ɗalibar da idonta ya kumbura don kuka. Ta miƙa mata laima ɗaya daga kwando.

"Nuna min yadda kuke dubawa."

Yarinyar ta zaro reza, ta tsaga ta daga hula zuwa gindi, shar. "Haka Dakta ta koya mana, don a ga launin cikinta. Wanda ya yanka a kwance, ranar ya shiga uku."

"Jiya ina kike?"

"Tare da ita, ina riƙe mata kwando. Ba mu dawo ba sai da aka sauke tuwo."

Direbansu ya shaida haka. Twaambo, na biyun, ƙafarsa a naɗe take, ya gurɗe a ramin gara, ko ban ɗaki sai da sanda.

"Ina mai kisan take fitowa?" Nsofwa ta tambaye shi.

"Mu dai ba mu taɓa ganinta a dajin nan ba. Sai a gonar itacen turare, ƙetaren rafi. Dakta ta hana mu zuwa." Ya sassauta murya. "Ku tambayi Kasonde abin da ya haɗa su. Ta gano rabin laimar da ya ce shi ya tono don aikin digirinsa, a bakin titi ya saya. Ta rantse sai ta kai shi gaban jami'a."

Kasonde ya yi dariya da aka kira shi. "Gurgu ba ya rasa labari. Ni ko hanyar gonar turaren ban sani ba."

"To, malam mai ilimi. Cire takalminka."

"Ranki ya daɗe, wannan wulaƙanci ne."

"Wulaƙanci? Ka ɗaure sa'ar kakarka da ɗankwalinta, kai ne za ka faɗa min wulaƙanci? Cire!"

Ta kifa takalmin, ta sa tsinken nan ta ƙwaƙulo lakar da ke ƙasansa. Ƙananan 'ya'yan turare suka faɗo. Ta murza ɗaya, ta kai masa hanci.

"Shaƙa. A dajin nan babu turare ko tushe ɗaya. Ka je gonar turaren ka tono mai kisan, ka jira tsohuwa ta tafi ɗiban ruwa, ka zuba a tukunyar da ka san mutum ɗaya ce za ta ci. Da ka yaga da hannu, da yau Bana Chomba ce za ta kwana a kurkuku. Amma hannunka ya saba da abin da matar da ka so kashewa ta koya masa."

Kasonde ya ce, "Tsorata ta kawai na so yi."

"Ka faɗa wa hantarta."

Aka sa masa ankwa. Bana Chomba ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe ɗankwalinta ta ɗaura, ta tsaya a gabansa.

"Tuwona ka ci jiya, har ka ce in ƙara maka."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗauki ƙaramar tukunyar za ta wanke, Nsofwa ta riƙe mata hannu.

"Bar ta haka, Mama. Ita ce shaidarki."