Lakar Ƙasan Tafki

Kalilu yana alwalar magariba a tsakar gidansa da ke Kimba jifa ta sauka gaban butarsa. Ba dutse ba ne, curin busasshiyar laka ne. Wata ta biyo, wata ta fasa tulun matarsa Inno. Kaji suka yi tsit. Ya leƙa bayan katanga, babu kowa.

'Yarsa Iklima ce ta kawo laka gidan. Ɗalibar jami'a ce, ita da malamanta suka kafa bututun ƙarfe a tsakiyar ƙafaffen tafkin bayan gari, suka zaro laka mai danshi daga can ƙasa, wai za su gano yadda ruwa da zafi suka sauya tun zamanin kakanni. Kalilu da ke noman albasa a bakin tafkin har dariya ya yi, ya ce boko ya koma wasan ƙasa. Yanzu kam dariya ta ƙare.

Kowace magariba sai jifa. Daga baya Iklima ta daina ci. Ruwa kawai take sha kamar raƙumi, leɓɓanta na tsagewa, idonta a kafe. An kai ta asibiti a Jega, ba a ga komai ba. Tsoro ya cika Kalilu, domin ƙiri-ƙiri yana kallon 'yarsa tana bushewa.

Ya ɗauko Malam Alu daga Maiyama. Malam ya zauna ya yi ta karatu har rana ta yi ja. Can wata tsohuwar murya ta fito daga bakin Iklima.

"Bari ƙona ni, Malam. Na ƙone tuni."

"Wa kake? Mi kaka so ga ɗiyar mutane?"

"Ni ka zaune ƙasan tafki. Ruwa ya janye, ni bi shi ƙasa. Ɗan sanyin da ya rage min, shi ta zaro."

Kalilu ya durƙusa, hawaye na zuba. "A maida maka lakarka! Wallahi yanzu a maida!"

"Lakar ta bushe. Tambaya ɗai gare ni. Ita ta auna, ta sani, ta ƙi hwaɗi. Ruwan nan shina dawowa? In ta amsa, in tahi."

Malam Alu ya sa aljanin ya rantse zai tafi, sannan ya kira sunan yarinyar a hankali. Muryarta ta dawo, siririya.

"Sani sai Allah," in ji ta. Ta dubi mahaifinta, ta sunkuyar da kai. "Amma abin da munka gani, ba shi dawowa."

Aljanin ya yi wani kuka mai tsawo, Iklima ta yi atishawa ta zube jikin Inno, ta ce tana jin yunwa.

Kalilu ya yi hamdala. Amma sai ya juya wajen Malam Alu.

"Malam," ya ce, "shi ya samu ya tahi. Mu fa, ina za mu?"