Sha-huɗu da Direban Makaranta

Akwati ɗaya. Jakar goyo. Kwalin alli biyu, taswirar duniya a naɗe, maganin zazzaɓi, takalmin ruwa da Mama ta cusa mata dole, da takardar aikin sa-kai ta wata tara. Abin da ta ɗauko ke nan. Jirgin sama biyu ta hau, sannan jirgin ƙasa, ga ta yanzu a ƙaramar tashar da layin dogo ya ƙare, a ƙasar da ba ta san kowa ba.

Mutum ɗaya ke jira. Dogo, hannun riga a naɗe, yana riƙe da kwali. Ba suna a jikin kwalin, lamba ce kawai: 14.

"Makarantar kan tudu?" ta tambaya.

"Ke ce Sha-huɗu."

"Ina da suna fa."

"Su ma sha ukun da suka riga ki suna da shi." Ya sungumi akwatin. "Ni na ɗauko su, ni na mayar da su. Lamba ta fi sauƙin mantawa."

Direban makarantar ne. Motarsa tsohuwar bas ce shuɗiya mai kujera ashirin da shida. Sun yi awa guda a hanya, sai ta karkata kai tana saurare.

"Fambel ɗin injinka ya saki."

Ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya duba, ya ɗaure. Da ya dawo, sai a lokacin ya dubi fuskarta.

"Malamar lissafi aka ce min."

"Babana direban babbar mota ne. Shekara talatin da ɗaya."

Ɗakinta yana bayan ɗakin karatu. Gado, tebur, bokiti biyu, taga mai kallon filin ƙwallo. Aka ba ta aji shida, masu jarrabawar fita a ƙarshen shekara. Yaran suna da ladabi, suna miƙewa idan ta shigo, amma ba wanda ya tambayi sunanta. Sun saba. Malami ya zo, su so shi, ya ɗauki hoto da su, ya tafi.

Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau a kan karan hanci, ta ce mata, "'Yata, a aji ba za ki same su ba. In kina son su, ki hau mota."

Ta hau. Shida saura kwata kullum, tasha goma sha ɗaya, kan tudu da ƙetaren rafi. Ta karɓi takardar sunaye daga hannun direban, tana ƙirga kawuna a kowace tasha. Sati na biyu ta fara jefa musu tambaya a hanya.

"Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da huɗu!"

Direba ya danna hon sau biyu. Motar ta kaure da dariya.

"Hamsin da shida!"

Hon ɗaya. Daga ranar doka ta kafu: ɗaya daidai, biyu kuskure. Kafin wata uku, yaran da ke tsoron lissafi suna rige-rigen kujerar gaba, manoman hanya kuma suna gane ko aji shida sun yi karatu daga yawan hon.

A wata na huɗu saƙo ya shigo wayarta.

"Kwandasta, gobe akwai sanyi. Ki sa rigar nan mai kauri. Ba don ke ba, don kada in rasa mai ƙirga min yara."

"Direba, na gode da wannan rashin kulawar."

"Kullum a shirye nake."

"Yau ba Sha-huɗu ba ce?"

"An yi mata ƙarin girma."

Ran Asabar yakan je gari sayo kayan makaranta, ita kuma ta ce tana bukatar alli. Alli bai taɓa ƙare mata ba. Ya nuna mata kasuwa, ya koya mata gaisuwar mutanen wurin, ya kai ta inda kogi ke faɗowa daga dutse. A hanyar dawowa suka tsaya gidansu, mahaifiyarsa ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba.

Sai ga ƙunshi daga gida. Shi ke ɗauko wasiƙun makaranta, don haka shi ya fara ganin sunan wanda ya aiko, an rubuta shi da manyan baƙaƙe: Likita. Ɗan aminin Baba ne, yana da asibitinsa, ya shekara biyu yana jiran ta ce to. Agogon hannu ne a ciki, da kati, kuma katin ya leƙo ta inda takarda ta yage.

Direba ya ajiye mata a tebur.

"Sha-huɗu, saƙonki."

Kwana goma sha biyu ba saƙo, ba zolaya. Hon ma a gajarce yake danna shi. Rana ta sha uku, bayan yaro na ƙarshe ya sauka, ta miƙa masa ƙunshin an sake naɗe shi, da adireshin Likita a kai.

"Kai ka kawo, kai za ka mayar. Ai mayarwa aikinka ne."

Ya kashe mota.

"Na mayar da mutum sha uku tasha," ya ce. "Ba na son in mayar da ke."

"To kada ka mayar."

"Ba haka ake yi ba, Kwandastata. Ba ni lambar Baba."

Ta ce a bari ita ta fara. Gara da ta fara.

"Direba?" in ji Baba a waya. "Shekara talatin da ɗaya ina cin kwalta don ki yi karatu, sai ki tsallake teku ki samo min direba? Na gida sun ƙare ne?"

"Baba, ba ka san shi ba."

"Na san shi sarai. Ni ne shi. Tambayi uwarki haihuwar wa na gani a cikinku ku biyar. Tambaye ta wa ya kai yayanki asibiti da ya karye. Ga yaro likita yana jiranki a gida. Ina nan zuwa, ki haɗa kayanki."

Ta zauna bakin gado. Shugaba ta riga ta yi mata tayin zama malama ta dindindin, takardar tana kan tebur ba sa hannu. Ba za ta yi aure ba da yawun Baba ba, wannan ta sani, kuma Direba ma ba zai yarda ba.

Saƙon Mama ya shigo da yamma.

"Ni tambayata ɗaya ce. Ƙarfe nawa yake dawowa gida?"

"Huɗu da kwata, Mama."

"Kullum?"

"Ranar da taya ta fashe ya kai biyar saura."

"To."

Baba ya sauka ana gobe jarrabawa. Direba ne ya ɗauko shi, don ba wani direban. Awa uku Baba yana kujerar gaba, idonsa a kan ƙafar saurayin da hannunsa. Ya nemi laifi a canjin giya, ya nema a kwana, ya nema a gangara. Bai samu ba, abin ya ƙara masa haushi. Da suka iso ya ce wa 'yarsa, "Jibi za mu tafi," ya shiga masaukin baƙi.

Ruwa ya kwana yana zuba. Da asuba labari ya zo: rafi ya haye gada. Yara tara na aji shida suna ƙetare, goma sha bakwai suna wannan gefen. Jarrabawar a gari ake yi, ƙarfe tara ake rufe ƙofa, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Wanda ya rasa sai ya maimaita aji, kuma kowa ya san da yawa iyayensu ba za su bari su maimaita ba.

Suka taru a rumfar ofis, Shugaba da lema, Kwandasta da takardar sunaye.

"Akwai hanyar sama, ta bayan dutse," in ji Direba. "Zan iya isa wurin tara ɗin. Amma in na bi ta can, sha bakwai ba su da mai kai su."

"A-kori-kurar kayan abinci tana nan," in ji Shugaba. "Mota biyu, direba ɗaya."

"Wa ya ce ɗaya?"

Baba ne, a tsaye bakin ƙofa, da kofin shayi a hannu. Ya ajiye kofin, ya miƙa hannu.

"Kawo makulli, yaro."

Direba bai miƙa ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Lasin ɗinka yana aiki a nan?"

Baba ya zaro wani ɗan littafi da ya sha hatimin kan iyaka, ya ɗora masa a tafin hannu kamar mai mari. Direba ya buɗe, ya karanta har kwanan wata.

"Yaushe rabonka da tuƙi?"

"Shekara huɗu."

"To ka zagaya filin ƙwallo sau ɗaya. Inda na ɗaga hannu ka taka birki. Ba na ba kowa yarana sai na ga tuƙinsa."

Ta san Baba. Mutumin da ya koya wa direbobi sama da arba'in, yau yaron da ke neman 'yarsa yana gwada shi a gaban mata. Ta ce a ranta shi ke nan, an gama, sai haɗa akwati.

Baba ya dubi saurayin daga sama har ƙasa. Ya tattare babbar rigarsa, ya hau bas. Ya zagaya filin cikin taɓo, Direba ya ɗaga hannu, motar ta tsaya cak ba ko zamewa.

"Na ci?" Baba ya leƙo ta taga.

"Ka ci, Baba. Giya ta uku tana da gardama, sai an lallashe ta. Ka riƙe bas, hanyarka kwalta ce. Ni zan bi dutse da a-kori-kura." Ya juya gare ta. "Kwandasta, ki ƙirga min su sau biyu."

Ta ƙirga sau biyu a kowace tasha. Yaran sun yi tsit, ga baƙon direba, ga tsoron jarrabawa. Sai ta ce, "Tara sau shida?" Wata 'yar siririya a baya ta ce, "Hamsin da huɗu." Duk suka zuba wa ƙeyar Baba ido.

"Me suke jira?"

"Hon, Baba. Ɗaya in daidai ne."

Ya danna. Yara suka yi sowa. Kafin su kai gari Baba da kansa yake jefa tambaya, har ya yi gardama da su a kan sha biyu sau sha biyu, suka kayar da shi.

Ƙarfe takwas da minti goma, yara sha bakwai ɗin suka shige. Ita da Baba suka tsaya bakin ƙofar gidan jarrabawa tare da Shugaba da iyayen da suka biyo su. Takwas da rabi. Tara saura kwata. Ta zaro waya, Baba ya dafe hannunta.

"Kada ki kira. Ba zai ɗauka ba. Yana da yara a mota."

Tara saura minti takwas a-kori-kura ta shawo kwana, taɓo har rufi, gilashi ba a ganin komai sai inda aka goge da hannu. Yara tara suka diro ɗaya bayan ɗaya, kowa da fensirinsa a leda. Ta ƙirga da ƙarfi, iyaye suna amsa mata, har ashirin da shida. Mai gadi ya ja ƙyaure. Wata uwa ta rangaɗa guɗa, Shugaba ta cire tabarau tana goge ido da gefen mayafi.

Direba ya jingina da mota, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Kwandastata, sun cika?"

"Sun cika, Direbana."

Baba ya yi gyaran murya. "Ku biyun nan, ku shigo mota."

Suka hau bas. Baba ya zauna a kujerar direba, su kuma a ta yara, gwiwoyinsu na dukan kujerar gaba.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "ba mahalukin da ya taɓa cewa in taka birki ya gani. Sai kai."

"Baba, ka gafarce ni, ban yi don..."

"Rufe bakinka, ina magana. Ka san 'yata nake shirin ɗaukewa. Ka san in ka ɓata min rai ka rasa ta. Duk da haka ka karanta lasin ɗina har kwanan wata." Ya girgiza kai. "Wanda ya yi wa 'ya'yan wasu haka, ban san me zai yi wa nasa ba. Uwarta dai tun shekaranjiya ta gama magana, ni ne mai taurin kai."

Iyaye sun fara taruwa a bakin motar suna son yi wa direbobin godiya. Baba ya miƙa hannu ya ja ƙarfen rufe ƙofa, ƙofar bas ta rufe.

"Ki sa hannu a takardar Shugaba. Kai kuma ka turo manyanka, hutun nan za a ɗaura. Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."