Satar Kifin Kwamin Ƙarshe

Da gari ya waye a kwarin Fandar, aka tarar babu ko ƙwayar kifi ɗaya a kwamin ƙarshe na gidan ƙyanƙyasar kifi. Ruwa na kwarara abinsa a kan siminti.

Sufeton 'yan sanda Shukur Aman ya tsaya a bakin kwamin, hannuwa cikin aljihun kwat. Kusa da shi Dakta Gulnar ce, likitar dabbobin da ƙungiyar masu fatsa ta ɗauko daga birnin Gilgit tun da cuta ta ɓulla.

"Kifin kwamin nan ne za mu binne yau," ta ce. "Cutar tana kama musu jini, ido ya firfito, ciki ya kumbura. Ba ta da magani."

"In suka shiga tafkin gari fa?"

"A rufe fatsa, ba bana kaɗai ba. Kuma a daina zuba 'ya'yan kifi a kogin nan sai yadda hali ya yi."

Shukur bai nemi ƙarin bayani ba. Rabin Fandar da baƙi masu fatsa suke ci: masu masauki, direbobi, 'yan rakiya, har matan da ke gasa gurasa. Ga shi dutse ya zaftaro ya toshe hanyar Gilgit, ya tafi da wayar sadarwa. Ba mai shiga, ba mai fita. Ɓarawon yana cikin kwarin, kifin ma haka, kuma babu wani na sama da zai miƙa wa maganar.

Ya zagaya wurin a hankali. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau. Sauran kwamaye cike suke da lafiyayyun kifi, ba wanda ya taɓa su. Komar da aka yi kwasa da ita tana rataye a ƙusa, a wanke, tana ɗiga. A bakin ƙofa akwai faffaɗan kwano na ruwan magani shunayya wanda mai fita ke tsoma takalmi. Ya kusa ƙafewa, duk laka.

"Jiya da yamma na cika shi da hannuna," in ji Dakta.

Shukur ya durƙusa. Daga kwanon zuwa hanya akwai sawun kofato, daga nan tsakuwa ta haɗiye shi.

Ya fara da mai gadi, Dinar, wanda ke zaune a dakali yana hura tafin hannu.

"Ina ka kwana?"

"Wajen zaftarewa, ranka ya daɗe. Dagaci ya ce duk mai hannu biyu ya fito haƙa." Ya buɗe hannuwan, duk bororo. "Tambayi kowa. Ni ne wanda shebur ya karye wa."

"Ka bar aikinka."

"Na kulle ƙofa. Wa zai saci majinyaci?"

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Dakta."

"Yaushe aka canza kwaɗon?"

Dinar ya yi dariya. "Canzawa? Kwaɗon nan ya girme ni."

Daga nan ya wuce masaukin Maksad Wali, mai kwamin kansa a bayan gida. Baƙin da hanya ta tsare suna zazzaune a baranda suna kallon duwatsu kamar fursunoni.

"Sufeto! Ka zo kama ni ko ka zo shan shayi?"

"Kifinka na zo gani. An ce baƙi sun kusa cinye su."

"Sun kusa cinye ni ma." Ya kai shi baya. Manyan kifi ƙalilan ne ke iyo, fes da su. "Duba da kyau. In da sata zan yi, in tsallake masu ƙiba in kwashi masu kumburin ciki? In zuba su nan su kashe min nawa?"

"Kana da jaki?"

"Mota gare ni, ita ma babu mai. Ni ne jakin gidan nan yanzu."

Saura Tajwali, ɗan rakiyar masu fatsa, wanda ya miƙe a taron ƙungiya ya ce Dakta ƙarya take, babu wata cuta. Shukur ya same shi a gada yana ɗaure fatsa.

"Har yanzu kana kan bakanka?"

"Ina kai. Sun zo su kashe mana kifi su rufe mana ruwa."

"Shi ya sa ka kwashe su."

"Da ni ne, da tuni suna tafki, in zo in faɗa maka da bakina."

"An wanke koma bayan an gama. An rataye ta."

Tajwali ya kwashe da dariya. "Tambayi matata ko na taɓa wanke kofin shayina." Sai ya sassauta murya. "Ni hayaniya kawai na yi, Sufeto. Wanda abin ya fi ci wa rai bai ce uffan ba a taron nan."

Shukur ya daɗe a kan gadar yana kallon ruwa. Ya riga ya san inda sawun ya nufa. Da hanya a buɗe take, da ya roƙi a turo wani. Ya gyara hula, ya kama hawa.

Gidan Kawu Zarmast shi ne na ƙarshe kafin dutse. Shi ne wan mahaifiyar Shukur, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, kuma shi ya kula da gidan ƙyanƙyasa har tsufa ya zaunar da shi. Jakarsa mai fararen ƙafafu tana ɗaure a gindin bishiya. Shukur ya ɗaga mata ƙafa ɗaya. Farin gashin ya rine, ya koma ruwan ƙasa mai sirkin shuni. Ya duba sauran ukun. Duka haka.

Tsohon yana ciki bakin murhu. Ya zuba masa shayin gishiri, ya tura masa gurasa.

"Sha da zafinsa, ɗana."

"Kawu, ina suke?"

"Su wa?"

"Kada ka sa in yi maka irin tambayar da nake yi wa mutane." Shukur ya ajiye kofin. "Ba a fasa kwaɗo ba, kuma kai ka sayo shi, ba ka taɓa mayar da makullinka ba. Mai neman riba lafiyayyu zai ɗiba. Mai fushi ba zai tsaya wanke koma ba. Wanda ya yi wannan yana tsoron cutar ta kama sauran, har ƙafafun jakarsa ya tsoma a magani ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya na sani a kwarin nan da zai yi sata yana bin doka."

Kawu Zarmast ya zuba wa wuta ido.

"Kakanninsu a garwa na sauko da su daga tafkin kan dutse, a bayana, tun ba a haife ka ba. Irin nan babu shi a ko'ina. Yarinya ta zo daga birni ta ce a haƙa rami." Ya girgiza kai. "Ruwan kwami ne ya dame su. Ruwan idon dutse zai wanke su."

"Wane idon ruwa?"

"Na bayan lambu. Na toshe mafitar da duwatsu da ciyawa. Ni ba yaro ba ne."

Shukur ya miƙe zumbur. Ruwan wannan idon, in ya fita, magudanar gonaki yake bi, magudanar kuma a tafki take ƙarewa.

Suka isa tare, tsohon yana haki. Saman ruwan ya yi fari da cikin matattun kifi. Waɗanda suka rage suna juyi a gefe, ido a waje. A ƙarƙashin duwatsun da ya jera, wani siririn ruwa yana tsiyaya, yana gangarawa cikin magudana.

Kawu Zarmast ya durƙusa, ya ɗauki ɗaya a tafin hannu.

Shukur ya ƙwala wa maƙwabta kira. Aka zo da shebur, aka karya magudanar, aka juya ruwan cikin gonar dankali. Dakta Gulnar ta iso da buhunan farar ƙasa mai kashe ƙwayar cuta a kafaɗar Dinar. Ta dubi tsiyayar, ta dubi tafkin da ke sheƙi can ƙasa.

"Ya kai?" Shukur ya tambaya.

"Ban sani ba. Sai an gwada ruwan a Gilgit. Kafin nan kada fatsa ko ɗaya ta shiga tafki." Ta juya ga tsohon, muryarta ta yi laushi. "Baba, na ajiye ƙwansu daban tun kafin cutar. In gwaji ya nuna lafiya, irin bai ƙare ba. Da ka tambaye ni."

Tsohon ya karɓi shebur daga hannun Dinar. Shi ya haƙa ramin, shi ya zuba farar ƙasar, bai bari kowa ya taya shi ba.

Da rana ta karkata suka gangara cikin gari, suka nufi ofishin 'yan sanda, Kawu a gaba, Shukur a baya. Labari ya riga su. Masu masauki da direbobi sun tsaya a ƙofofi, ba mai zagi, ba mai gaisuwa. Tajwali yana naɗe zarensa a kan gada, bai ɗago ba.

A ƙofar gidansu mahaifiyar Shukur tana tsaye. Ta dubi wanta. "Yaya, ka ci abinci?"

"Na ci."

Ta shiga, ta fito da bargon ulu, ta ɗora a hannun ɗanta ba tare da ta kalli fuskarsa ba.

"Ɗakin naku na tsare mutane akwai sanyi," ta ce. "Ka shimfiɗa masa da kanka."

Ta rufe ƙofa.