Tauraruwa ta Uku

Kai, ku matso ku ji abin da ya faru a ajinmu!

Malamar kimiyya ce ta shigo da alli da tocila uku. Ta sa aka ture bencina gefe. Ta zana ƙaramin zobe a tsakiyar aji, ta zana wani ƙato har jikin bango.

Ta ce, "Ranarmu ita kaɗai take. Amma akwai taurarin da ke zama su uku. Biyu na kusa suna zagaya juna da sauri. Ta ukun tana can nesa, tana zagaya su a hankali. Wannan za mu nuna wa iyayenku ranar taro."

Tuni Auta ta cafke hannun Gajera, ƙawarta. Su biyun nan, ko fensir ɗaya ne sai sun karya shi biyu.

Sai Malama ta ce, "Gajera, ke da Baƙuwa ku shiga tsakiya, tsayinku ɗaya. Auta, ke ce ta uku."

Baƙuwa fa! Yarinyar da ko hanyar famfo ba ta gama sani ba!

Aka ba kowacce tocila ɗaya, aka fara gwaji. Gajera da Baƙuwa suka riƙe hannu, suna juyi suna ƙyalƙyala dariya. Auta kuwa tana bin bango. Ta wuce tsintsiya. Ta wuce kwandon shara. Zuciyarta kamar ta fashe.

"Ke ce tauraruwar shara?" wani ya faɗa daga baya.

Auta ta yi ƙwafa. A ranta ta ce, "Bari in ɗan bangaje Baƙuwar nan, mu ga ta inda za ta yi dariya."

Ta bar layinta. Ta matso, ta ƙara matsowa. Sai ta kai kafaɗa!

Ashe sun riga sun juya. Kafaɗar ta sami Gajera! Hannu ya suɓuce, Gajera ta yi can, tim, a jikin benci. Gwiwarta ta fashe, tocila ta tarwatse.



Gajera ta ɗago ido cike da hawaye. "Auta, ni? Me na yi miki?"

Baƙuwa ce ta ruga ta ɗebo ruwa, ta wanke ciwon.

Malama ta ɗaure gwiwar, sannan ta ce, "Kun gani? A sama ma haka ne. In ta ukun ta kutso kusa, tafiyar sai ta rikice, har a yi jifa da ɗaya waje. Auta, da gangan kika yi?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Eh, Malama. Haushi na ji. Gani na yi an ƙwace mini ƙawa." Sai kuka. "Gajera, don Allah ki yafe mini. Ke ma, Baƙuwa."

"To wa ya ce miki an ƙwace ni?" in ji Gajera. "Ni biro ce?"

Har Malama sai da ta dara.

To ga inda abin ya yi daɗi. Gajera ba ta iya juyi da ciwo, dole ta koma ta uku. Wa zai riƙe hannun Baƙuwa? Auta!

Da fari da yatsa biyu ta riƙe ta. Baƙuwa ta raɗa mata, "Riƙe da kyau, 'yar'uwa, ni gwiwata ina sonta."

Auta ta tuntsire da dariya, ta damƙe hannun sosai.

Ranar taro suka yi ta juyi, ba wadda ta faɗi. Gajera tana ɗingishi a babban zobe, tana ɗaga wa iyaye hannu kamar wata sarauniya. Tafi kuwa har kunne ya yi zafi!

Da aka tashi, su uku suka jera zuwa gida, Gajera a tsakiya, ta dafa kafaɗunsu.

Ranar Auta ta gane cewa ƙawarka ba ta raguwa don ta yi wata ƙawar. Mai kishi kuwa, in ya kai duka, nasa yake fara samu.