Malafar Don Evelio

Ranar Litinin da safe Malama Zenaida ta danna maɓallin farko na tsohon fiyanon makarantar kiɗa ta unguwar Tivolí a Santiago de Cuba, ta ji sautin ya fito dushe-dushe kamar mai mura. Da ta ɗaga murfin sama sai ta ƙwalla ihu. An kwashe 'yan gudumomin nan masu kan ulu da ke bugun tsirkiya, tamanin da biyar cif, ƙirar Jamus da ba a ƙara samun irinsu a tsibirin. An jera wasu a madadinsu.

Sufeto Idalmis Duvergel aka turo, don kowa ya san a shagon gyaran fiyano ta tashi, 'yar tsohon mai gyara Don Evelio ce.

"Wa ke da makulli?" ta tambayi Zenaida.

"Ni da Casimiro maigadi. Ni kuma zan sace abin da nake cin abinci da shi? Haba, Sufeto!"

Idalmis ta duba hannun malamar. Farce zaƙo-zaƙo, an sha jan fenti, wannan ko ƙusa ba ta taɓa kwancewa ba.

Sai ta je wurin Osmany, mai gyaran da ya yi suna wajen sayar da kayan cikin fiyano. Dariya ya yi mata.

"Ranki ya daɗe, da ni ne, fanko zan bar muku. Wane ɓarawo ne zai zauna yini guda yana ɗaura sababbi?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta koma ta cire allon ƙasa na fiyanon. Ƙwan lantarkin da ake barinsa a kunne a ciki don korar danshi yana ci.

"Af! Wata biyu ke nan da mutuwar ƙwan nan," in ji Zenaida.

A kusurwar hagu ga ƙullin ganyen taba, sabo, maganin gara. Idalmis ta shafa kan guduma ɗaya. Ulun ruwan ƙasa ne, an yanka shi da kyau, an sossoke shi da allura don sautin ya yi laushi. A gefen ɗaya har da ragowar ɗinkin baƙin zare.

Ta kira maigadin. "Casimiro, wa ya shigo jiya Lahadi?"

"Baƙo dai bai shigo ba."

"Ba baƙo na tambaye ka ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "'Yata, kada ki sa ni in faɗa."

Wato tausayinta yake ji. Kunya ta rufe ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage. Mako guda ke nan babanta na yawo kai babu malafarsa ta ulu mai ruwan ƙasa, mutumin da ko burodi ba ya fita saye ba tare da ita ba. Da ta tambaye shi cewa ya yi zafi ya yi yawa.

Tun daga kan matakalar gida ta jiyo fiyanon marigayiya mahaifiyarta, wanda asu suka cinye ulunsa shekara goma sha biyu da suka wuce. Sautin tas, mai zurfi, kamar jiya. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta shiga.

"Baba, ɓarawon ya canza ƙwan lantarki. Ya sa taba a hagu. Ya yanka malafarsa don kada yara su rasa darasi. Mutum ɗaya na sani a garin nan da zai yi sata ya tsaya kula da abin da ya yi wa satar."

Don Evelio ya janye hannunsa daga maɓallan, bai juyo ba.

"Likita ya ce kunnen nan saura 'yan watanni ya daina ji. So na yi in ji muryarta sau ɗaya. Da zan mayar da gudumomin."

"Shekara arba'in ana ba ka makullin gidajen mutane, Baba."

"Na sani. Ki bari in mayar da hannuna. Osmany zai ɓata su."

"Za ka mayar. Amma sai mun biya ta ofishin 'yan sanda tukuna."

Ya tashi, ya rufe murfin a hankali, ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa. A bakin ƙofa ya miƙa hannu ga ƙusar da yake rataye malafarsa kamar kullum, ya shafo babu komai. Maƙwabta suna zaune a barandarsu. Idalmis ta cire hularta ta 'yan sanda ta riƙe a hannu, suka sauka tare.